Bayolojin da muka haddace don jarrabawa, ga shi ya biyo mu har gida

 Ku yi haƙuri da muryar tawa yau, hunturun Birnin Kudu ne ya kama ni, kwana uku ke nan ina fama da mura. Sanyin nan ma shi ya kawo maganar da zan yi, domin a irin wannan lokacin akwai yara a gidajenmu da ba sa barci, iyayensu ma ba sa runtsawa.

Makon jiya na je Gwaram gaida yayata. 'Ya'yanta uku, biyu suna da sikila. Na tarar da ita a tsakar gida tana gasa wa ƙaramin ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi, shi kuma ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai ɗan boko, ba cewa aka yi ɗaya ne a cikin huɗu ba? To ni yaya aka yi biyu a cikin uku?" Wallahi na yi ta kame-kame. Ni da na ci bayoloji a WAEC, na je jami'a na gama, na kasa yi wa Yaya bayanin ciwon ɗanta da Hausa. Kunyar nan ce ta mayar da ni kan littattafai, kuma abin da na samo shi zan ba ku yau.

Mu fara daga tushe. Jikinka gini ne, tubalinsa shi ake kira ƙwayar halitta. A 1665 wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya yanko ɓawon itace siriri ya duba da na'urar da ke ƙara girman abu, sai ya ga wasu 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Daga nan aka fara maganar. Jikin baligi yana da irin waɗannan wajen tiriliyan 30. A tsakiyar yawancin nau'o'insu akwai cibiya, a cikin cibiyar akwai DNA, wato littafin da aka rubuta yadda za a gina ka. Littafin nan an raba shi ɗauri 46, ana ce musu kuromozom, 23 daga wajen mahaifiya, 23 daga wajen mahaifi. Ku riƙe wannan: rabi da rabi ne. Duk wanda ya ce matar ce ta kawo ciwo cikin dangi, ko dai bai sani ba, ko kuma yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Kowane umarni guda a cikin littafin shi ne ƙwayar gado. Wadda ta shafe mu yau tana kan kuromozom na 11, aikinta ta faɗi yadda za a haɗa himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Ƙwayar jini mai lafiya siffarta kamar waina ce da aka danna tsakiyarta, ga laushi, tana lanƙwasa ta wuce ta cikin jijiyar da ta fi gashi siranta. Tana yin kusan kwana 120 tana aiki kafin jiki ya sauya ta.

To a wajen mai sikila, harafi ɗaya tak ne ya canza a cikin umarnin. Ɗaya fa. Saboda shi, da zarar oksijin ta yi ƙasa sai himogulobin ɗin ya manne da juna ya yi sanda-sanda, ƙwayar ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. Kalmar sikila ma daga sunan lauje a Turanci aka samo ta. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana wannan siffa a 1910, bayan duba jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada. Ƙwaya mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa kullum jinin yaron a ƙasa yake, idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara. Sannan ba ta iya lanƙwasa, sai ta maƙale a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya. Inda jini bai kai ba, wurin ya ɗauki raɗaɗi. Wannan shi ne ciwon ƙashin da kakanninmu ke kira amosani. Idan a saifa ta tare, garkuwar jikin yaro ta yi rauni. Idan a ƙwaƙwalwa ne, yaro ɗan shekara bakwai sai ya samu shanyewar ɓarin jiki. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓi, gajiya mai yawa, duk suna tayar da shi. Kun ga dalilin da na ce hunturu.

Akwai wani abu da ya daɗe yana rikita iyayenmu. Ana haihuwar yaron lafiya lau, ɓul-ɓul da shi, a yi suna a ci shinkafa. Sai ya kai wajen wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura. Dalili shi ne jariri yana zuwa da wani himogulobin na daban wanda ya yi amfani da shi a ciki, shi ke kare shi, kuma a hankali yake raguwa. Amma wanda bai san haka ba me zai ce? Baki ne, ko mayu, ko iska. Ni dai a raina ina zargin da yawa daga cikin yaran da a da ake ce wa 'yan wabi, waɗanda ake haifa suna komawa ɗaya bayan ɗaya, sikila ce ta ɗauke su ba wanda ya sani.

Wani zai ce, me ya sa abin ya fi yawa a wajenmu? Amsar tana jikin sauro. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa masu ɗauke da S guda ɗaya, wato AS, sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da maleriya ke kashe yara, AS suna tsira su girma su haihu, ƙwayar gadon ta yi ta yaɗuwa. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. AS kuma ba ciwo ba ne. Ni da nake muku magana AS ne, ina buga ƙwallona duk yamma.

Yanzu tambayar Yaya. Ɗauko ƙwarya biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa. Kowacce ka sa mata wake biyu, fari ɗaya shi ne A, ja ɗaya shi ne S. Rufe ido ka ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can. Fari da fari AA. Fari da ja AS, kuma ta hanya biyu zai iya fitowa. Ja da ja SS. Wannan shi ne ɗaya cikin huɗu. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami: kafin ciki na gaba, waken nan mayar da shi ake yi cikin ƙwarya a sake ɗauka. Ƙwarya ba ta tuna abin da ya fito jiya. Sai ja da ja su fito sau biyu a jere, ko sau uku. Idan ma'aurata AS da AS suka haifi huɗu, yiwuwar a ce babu SS ko ɗaya a cikinsu kusan kashi 32 ne kacal cikin 100. Don haka maganar nan ta "mu haifi uku mu tsaya kafin na huɗun" ba ta da tushe ko kaɗan.

Abu biyu kuma da nake yawan ji a majalisa. Na farko, ka tambayi saurayi jinotayif ɗinsa ya ce maka shi O ne. Malam, O rukunin jini ne, na ranar da za a yi maka ƙarin jini, wata ƙwayar gado ce dabam. Na biyu, ba S kaɗai ba ce, akwai C. Idan AS ya auri AC za a iya haifar SC, shi ma nau'in sikila ne.

Gwajin kansa ma sai an lura. Akwai mai araha da ke nuna akwai S ko babu kawai, ba ya bambance AS da SS. Wanda ake so shi ne wanda ke rarrabe nau'in himogulobin, ana ce masa ilektiroforesis. Idan an yi maka ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, ka faɗa musu, domin jinin wani zai iya ɓata sakamakon. Shawarata a yi sau biyu a wuri biyu. Muna da FMC a nan Birnin Kudu, akwai babban asibiti a Gwaram, ka je ka tambaya. A Kano, tun 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, har da na jinotayif. Doka ta yi kyau, amma takarda ana sayenta. Na san wani abokina da ya biya kuɗi a wani ɗakin gwaji aka rubuta masa AA saboda an riga an kai lefe, an sa rana, kuma yana jin kunyar surukai. Ba zan ce komai a kan halin da gidansa ke ciki yanzu ba.

Matsalar a ganina lokacin da muke gwajin ne. Sai an shekara biyu ana zance, dangi sun san juna, an kashe kuɗi, saura sati biyu ɗaurin aure, sannan a ce a je asibiti. A wannan gaɓar wa zai iya janyewa? Ni na yi nawa tun ina aji biyu a jami'a, kuma yanzu ina faɗa tun a zance na biyu ko na uku. Wata ta taɓa yi min dariya ta ce na cika gaggawa. Da ta je ta yi nata, AS ce. Mun yi sallama cikin mutunci, ya yi ciwo, amma na sati biyu ne.

Masu sikila da ke saurarena, ban zo in tsorata kowa da ku ba. Akwai SS da suka gama jami'a, suna aiki, sun yi aure. Mai SS idan ya auri AA, 'ya'yansu duka AS za su zama, babu mai ciwon. Ruwa da yawa, gidan sauro, rigar sanyi, allurar rigakafi, folik asid, kuma duk zazzaɓi a garzaya asibiti kar a tsaya kemis. Akwai maganin da ake kira hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon, amma sai likita ya rubuta yana kuma bibiyar jinin. Dashen ɓargo yana warkarwa, sai dai tsada da wuyar samun wanda ɓargonsa ya dace. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayar gadon kanta, sunansa Casgevy, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 na mutum ɗaya. Ku lissafa da naira ku ga ko zai iso Gwaram nan kusa.

Ranar Asabar zan koma wajen Yaya da ƙwarya biyu da wake huɗu, in nuna mata a gaban mijinta, domin har yanzu wasu daga danginsa ita suke kallo. Wanda ke da tambaya ya ajiye a ƙasan wannan rubutun, waɗanda suka fi ƙarfina zan kai wa likita in kawo muku amsa a shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.