BA KOWANE MAJIGIN ZANE NE YA DACE DA ƘANANAN YARA BA

Wannan shi ne jawabin da wani malamin makaranta ya yi wa iyayen yara 'yan Arewa mazauna Agege, Ikko.

A yawancin gidajen haya na nan Kudu, uba yana kasuwa, uwa tana fama da aikin gida, yara kuwa sukan taru a ɗaki guda gaban talabijin ko wayar hannu, daga ɗan shekara 3 har ɗan shekara 12. Da iyaye sun hango majigin zane ne, wato katun, sai hankalinsu ya kwanta. To, a nan kuskuren yake.

Misali shi ne The Lion King, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a shekarar 1994. Labarin wani ɗan zaki ne mai suna Simba, ɗan sarki Mufasa. A can Amurka an ba shi alamar G, wato kowa yana iya kallo. Lalle akwai darasi a cikinsa game da biyayya ga mahaifi, da riƙon amana, da mugun ƙarshen mai hassada.

Amma fa a cikinsa ne Scar, ƙanen sarki, ya jefa wansa ƙarƙashin ƙafafun garken namun daji da suka firgita. Simba ya zo ya tarar da gawar, yana taɓa ta yana roƙon mahaifinsa ya tashi. Sa'an nan baffan nasa ya ce masa shi ne sanadin mutuwar, ya kore shi. Ɗan shekara 10 ya san ƙarya baffan ya yi. Ɗan shekara 4 kuwa bai gama fahimtar mutuwa ba, yana iya kwana da tsoron cewa laifin yaro yakan kashe uba, musamman wanda mahaifinsa yake yawan tafiya fatauci.

Saboda haka wajibi ne uba ko uwa su fara kallon majigi kafin yara. Wannan dai bai kai sa'a ɗaya da rabi ba. Su kuma duba alamar da aka sa masa. Hukumar tace finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, tana da irin waɗannan alamomi, kuma PG tana nufin sai da kulawar iyaye. Sabon The Lion King na 2019 alamar PG aka ba shi a Amurka.

Yaron da ya kai shekara 7 yana iya kallo, babba yana gefensa yana amsa tambayoyinsa. Wanda bai kai ba, a dakata masa, majigi ba zai gudu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana zuriya, ya shirye su. Amin.