Ƙidayar Layukan Hanya a Taswirar Kwamfuta



Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda layin hanya ke ɓata a lissafi, alhali kuwa kwalta tana nan yadda take. Da na ce layi, ina nufin faɗin da jerin mota ɗaya ke bi.

A taswirar kwamfuta, irin OpenStreetMap wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, akan rubuta hanya ne gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da adadin layukanta. To, da yake gaɓoɓin sun yi yawa, masu tsara sufuri sukan haɗe waɗanda ke tsakanin mararraba biyu su zama ɗaya, don lissafi ya yi sauƙi. A nan ne matsalar take.

Mu ɗauki misali. Ga hanya mai mita 1,000. Mita 900 layi 3 ne, sauran mita 100 kuwa gada ce mai layi 2. In an haɗe, wane adadi za a rubuta? Mai bin rinjaye zai ce 3, amma motoci ba su san rinjaye ba, ta kan gada dole su bi. Injiniyoyi sukan ƙiyasta wa layi ɗaya na babbar hanya motoci kimanin 2,000 a sa'a. Wato ke nan kwamfuta za ta ce 6,000, gada kuwa 4,000 kaɗai take ɗauka. Ma'aikacin da ya dogara da wannan zai rubuta wa na gaba da shi cewa babu cunkoso, kuɗin faɗaɗa gadar su tafi wani wuri.

Tagwayen hanyoyi, irin ta Kaduna zuwa Kano, su ma suna da nasu tarkon. Kowane hannu dabam ake zana shi, da nasa adadi. In an mai da su zane ɗaya, sai a tara adadin biyu, in ba haka ba rabin hanya ya salwanta.

Saboda haka shawarata ita ce kada a haɗe gaɓoɓi a inda adadin layi ya sāke. In kuma ya zama tilas, a yi lissafi da mafi ƙanƙanta, a adana na asali don mai bincike.