Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye 'Yan Sintiri da Ma'aikatan Lafiya, Kadawa



Masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, iyayenmu hakimai, ranku ya daɗe, dagatai da masu unguwanni, limamanmu, Allah ya gafarta maku, baturen 'yan sanda da jami'ansa, wakilan hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, shugabannin manoman rani, iyayenmu mata, 'yan jarida, jama'a, assalamu alaikum.

Ruwan da ke bin kanal ɗin nan daga Tiga yake, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin marigayi Audu Bako. Yaran yanzu ba su sani ba, gwamnan nan kwamishinan 'yan sanda ne. Ɗan sanda ya kawo mana ruwa, yau kuma mun taru kan aikin ɗan sanda a bakin wannan ruwa.

'Ya'yana da ake yayewa, malamanku sun yaba maku. Kun koyi killace wurin da aka tsinci gawa, kun koyi ɗaukar zanen yatsu goma da tawada, kun koyi fito da shatin da zufa ta bari a jikin kwalba ko ƙofa da hoda da buroshi. Kun san zanen nan tun a cikin uwa yake samuwa, ba ya sauyawa har kabari, ko Hassan da Hussaini ba su da iri ɗaya. Kun san gawa daga muƙamuƙi da wuya take fara sandarewa, zafin Afrilu kuma yana gaggauta komai. Kun san jini yana kwantawa a gefen da ke ƙasa, saboda haka wanda aka samu a kife, alamar jinin kuwa a gadon baya, to wani ne ya juya shi. Madalla.

Kada wani ya ce maku ilimin Turawa ne kaɗai. A ofishin zanen yatsa da aka buɗe a Kalkata a 1897, wani Musulmi ne, Azizul Haque, tare da abokin aikinsa Hem Chandra Bose, suka taimaka wa Edward Henry wajen tsara yadda ake rarraba zanen. Landan sai a 1901 ta buɗe nata.

Yanzu zan ajiye takardar da aka rubuta mini.

Duk rani mutane suna shigowa ƙasar nan, daga Sakkwato, daga Katsina, daga Maraɗi, suna dashen shinkafa, suna tsinkar tumatir, suna dako a Kwanar Gafan. Mu da laƙabi kawai muka san su. In ƙaddara ta faɗa wa ɗayansu, aka tsamo shi a bakin kwalbati, me muke yi? Jama'a su taru su tattake wurin, a yi masa wanka, a sallace shi, kafin la'asar an rufe. Niyya mai kyau ce, gaggauta suturar mamaci addininmu ne. Amma ba wanda ya ɗauki yatsunsa, ba wanda ya rubuta tabon da ke jikinsa, ba wanda ya tambaya ko faɗawa ya yi ko jefa shi aka yi, ko kuwa maganin feshi ne ya kayar da shi tun a gona. A can gida matarsa ba ta san ko ta shiga takaba ba. Gadonsa ba ya rabuwa. Mahaifiyarsa duk motar da ta tsaya sai ta leƙa.

Allah ya gafarta malamai, ku nake roƙo. Ɗaukar yatsu goma bai kai lokacin da ake haƙa kabari ba. A ɗauka kafin wanka, a ɗauka da wuri, domin ruwa yana tattare fatar hannu, in an kwana biyu ta saɓule kamar safa, aikin ya koma na ƙwararru. Mutane da yawa sun dangwala yatsunsu wajen katin ɗan ƙasa da banki da rajistar zaɓe. Suna yana nan a ajiye, mu ne muke binne mabuɗinsa. Ku faɗa a huɗuba, mutanenmu naku suke ji.

Kai mai jar hula a baya, sauke wayar nan ka saurara, da ku nake. Hoton gawa na fayil ɗin ɗan sanda ne. Mai watsa shi a Facebook ya ci mutuncin mamaci, ya ɓata bincike.

Masu girma shugabanni, in likita ya ce sai an duba gawa, Kano ake nufa, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wa zai biya mota? Talaka ba zai iya ba, ɗan ci-rani ba shi da kowa. Ku ware wannan kuɗi a kasafinku, da na tawada da safar hannu da kati, tun kafin a saki ruwan rani mai zuwa. Zan bi ku ofis ɗaya bayan ɗaya.

Ku kuma 'ya'yana, shaidar da ke hannunku ba ta mai da ku likita ko alƙali ba. Ku killace, ku rubuta, ku kira baturen 'yan sanda. Kada in ji ɗayanku ya tsaya cikin taro yana cewa wane ne ya kashe.

Da sunan Allah na yaye ku. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.