Hannun Jarin Yuraniyom: Kafin Ka Ɗaga Buhun Geronka Zuwa Kasuwa

'Yan uwana matasan Makoda, da ku nake.

Tun da kaka ta kama, saƙo ke yawo a WhatsApp wai a zuba kuɗi a hannun jarin kamfanonin haƙar yuraniyom, duniya ta koma wutar nukiliya, wanda ya shiga yanzu ya haye. Rabin zancen gaskiya ne. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe sama da 20 sun yi alƙawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050. A Janairun 2024 kuma laba ɗaya ta yuraniyom, wato ƙasa da rabin kilo, ta haura dala 100. Abin da mai talla ba ya faɗa shi ne, a 2007 ta wuce dala 130, sannan ta gangaro, hatsarin Fukushima na Japan a 2011 ya ƙara danne ta, har ta koma ƙasa da dala 20 a 2016.

Amma ku bar farashi tukuna, mu leƙa maƙwabta. Nijar ce ƙasar yuraniyom a yankinmu, tun 1971 ake haƙarsa a Arlit, can arewa da Agadas. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta ƙwace lasisin Imouraren daga hannun Orano na Faransa. Wata na zagayowa ta ƙwace na Madawela daga GoviEx, kamfanin Kanada da hannun jarinsa ke kasuwa, nan take darajarsa ta zube. A Yunin 2025 ta ce Somair ma ya zama mallakar ƙasa. Ni dai ban ga laifin ƙasa ta nemi haƙƙinta a kan arzikinta ba, wannan zance ne na wata rana. Abin lura, ma'adinin yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba, kuɗinsa a duniya bai karye ba, amma mai hannun jari ya tafka asara. Takardar izini ya saya ashe, kamar wanda ya karɓi aron gona, ya zuba taki, mai gona ya ce bana da kansa zai noma.

Shi kuwa toriyom da ake haɗawa a tallar, akwai shi a cikin yashin da aka bari bayan haƙar kuza a Jos. Sai dai har yau gwaji ake yi da shi a Indiya da Sin, ba shi da kasuwa irin ta yuraniyom.

To ina ma za ka saya? Manyan kamfanonin, Kazatomprom na Kazakistan da Cameco na Kanada, a kasuwannin waje suke, da dala ake ciniki. Kasuwar hannun jari ta Legas ba ta da kamfanin yuraniyom ko ɗaya. Don haka duk wanda ya ce turo dubu hamsin ta wannan manhajar, riba duk sati, tambaye shi sunan kamfanin da za a saya maka, da rajistarsa a hukumar SEC. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, kowa a nan ya san gidan da aka yi kuka.

Wanda ke da rarar da zai iya mantawa da ita shekara biyar, ya nemi dillali mai rajista. Wanda kuwa geron cin gidansa zai kai kasuwar Dambatta, ya tuna a Yuni da kuɗi zai sake sayen hatsin, a farashin damina.