Kafso Mai Kyamara: Amsa Ga Mai Tambaya Daga Panshekara

Wasiƙar yau daga wani manomi ce a Panshekara. Ya ce ɗansa mai aiki a kamfanin fata a Challawa kullum jininsa ƙarewa yake, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. Wai ya ji akwai kafso mai ɗaukar hoton ciki, shin ya sayar da sansa na huɗa ya nema masa?

To Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Kafson gaskiya ne, amma tsaya tukuna.

Ƙaramin hanji ya haura yadi 6, a nannaɗe. Robar da likita ke zurawa ta baki iyakarta tumbi da ɗan farkonsa, wadda ake sawa ta ƙasa kuwa aikinta babban hanji. Tsakiyar nan ita ta daɗe tana gagarar likitoci, har wani injiniya a Isra'ila, Gavriel Iddan, da likita Paul Swain na Landan suka ɓullo da wannan dabara. Amurka ta yarda da ita a 2001. Tsawon kafson bai kai santimita 3 ba, da kyamara da fitila da batir a cikinsa. A haɗiye shi da ruwa, ya yi ta aiko hotuna, dubu 50 ko fiye, cikin kamar awa 8, zuwa wani ɗan akwati da aka ɗaura wa mutum a ƙugu. Daga baya ya fita ta bayan gida, shi ke nan, ba a sake aiki da shi.

Na maganaɗisu, irin NaviCam na ƙasar Sin, likita na juya shi daga waje. Sai dai ƙarfin wannan juyi a tumbi yake, inda akwai fili. Da ya shiga hanji, motsin hanjin ne ke tura shi.

Kuma fa gani kawai yake, ba ya gutsuro nama don gwaji, ba ya tsayar da jini. In hanji ya tsuke a wani wuri yana iya maƙalewa, har ta kai ga fiɗa. Mai juna biyu da mai batir a zuciya ba a ba su na maganaɗisun.

Yanzu ga abin da ya fi kusa da mu. Ku je Sharada ko Bompai lokacin tashi daga aiki, ku ga yadda leburori ke tsayawa wurin mai tebur suna sayen "haɗin gajiya". Yawanci da diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma shan su kullum na ƙwarzane tumbi da hanji har su yi ta tsiyayar jini. Ku manoma masu shiga fadama ba takalmi, akwai tsutsa mai shiga ta fatar ƙafa, ta je ƙaramin hanji ta maƙale tana zuƙar jini. Wannan gwajin bayan gida mai araha ke nuna ta.

Saboda haka Malam, bar sanka a turke. Yaro ya daina shan haɗin nan yau ɗin nan, ka kai shi asibiti a auna jini da bayan gida. In da buƙata za su tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a leƙa ta sama da ta ƙasa. Sai an yi waɗannan ba a ga komai ba likita zai kawo zancen kafso. Amma in ya fara amai da jini, ko jiri na kayar da shi, kada ku jira gari ya waye.