Dissection: Fiɗa Ce Ko Sharhi?



Yau kalma ɗaya za mu ɗauka: dissection. Kuna jinta a bakin 'yan boko, wai "bari mu yi dissecting ɗin kasafin kuɗin jiha". To mi ake nufi?

Asalinta Latin ce, ma'anarta a yanka abu a rarraba shi. Da Hausa mun ce fiɗa, amma a lura. Mahauci na feɗe akuya don nama da fata. Likita na tiyata a UDUTH don mara lafiya ya tashi. Shi kuwa ɗalibin likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, gawa yake buɗewa sannu a hankali, don ya ga inda kowace jijiya ta bi. Wannan na ukun shi ne dissection. Ba ɗaya yake da binciken gawa don gano sanadin mutuwa ba.

Abin da ya fi burge ni, da Larabci ana ce masa tashrihi, tushensa ɗaya da sharhin da muke faɗi kullum. Ibn al-Nafis, a ƙarni na 13, cikin sharhinsa kan littafin Ibn Sina ya bayyana cewa jini na bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. Mu ma ai muna da tamu: feɗe biri har wutsiya. Don haka mai cewa zai yi dissecting ɗin kasafi, sai mu ga ya buɗe shi layi-layi, nawa aka ware wa asibiti, nawa aka saki. In zagi kawai ya yi, wallahi ko fatar birin bai taɓa ba.

Sai tambayar da ba a son yi: gawar wa ake feɗewa? A Najeriya yawanci gawarwakin da ba a zo nema ba ne, kuma dokar da ke kula da lamarin tun ta 1933 ce. A 2021 BBC ta kawo labarin wani ɗalibi a Kalaba da ya tarar da gawar abokinsa a kan teburin aji, alhali danginsa na ta nemansa. Shi ya sa in ɗan'uwa ya ɓace, bayan ofishin 'yan sanda, a daure a leƙa ɗakin ajiye gawa na asibiti da wuri.

Ɗaliban likitanci da ke saurare, ku faɗa muna yadda ranarku ta farko ta kasance. Sai mako mai zuwa.