Mu Saita Manhajar Ajiya a Wayar Ƙungiya



Kun san akwatinmu kwaɗo uku gare shi, kowane mabuɗi yana hannun mace daban. To, manhajar nan da za mu sa a waya ita ma akwati ce, sai dai mabuɗinta lambobi ne. Shi ya sa za mu saita ta a nan, a gaban kowa.

Na farko, layin waya. Ya zama na ma'ajiyarmu, wanda aka yi wa rajista da lambar NIN ɗinta mai lamba 11. Kada a ari na maigida ko na ɗa, domin in layin ya ɓata, mai rajistar ne kaɗai zai iya dawo da shi.

Na biyu, a sauko da manhajar daga Play Store kawai. Wadda wani ya turo daga wayarsa tana iya zama ta jabu.

Na uku, za a turo wasu lambobi ta saƙo don tabbatar da layin. A shigar da su, kada a karanta wa kowa, ko da ya kira ya ce daga banki yake.

Na huɗu, lambar sirri. Ban da 1234, ban da shekarar haihuwa.

Kafin a zuba kuɗin mako, mu gwada da naira 100, mu ga ta shiga. Littafinmu kuma yana nan, sakatariya za ta ci gaba da rubutawa. Wadda ba ta gane ba ta tsayar da ni, mu maimaita.